Tsallakawa daga Ingila zuwa ƙauyukan Faransa da mota: wane jirgi za a hau, a ina za a kwana?

Duk shekara idan Yuli ya kama zaka ji gidaje da yawa a nan Zariya, Samaru ne, Kongo ne, Tudun Wada, har cikin birni, ana ta shirin tafiya Ingila bikin kammala karatun yara. Toh tunda an riga an zuba kuɗin jirgi masu nauyi haka, wasu sun fara cewa me zai hana a ƙara sati ɗaya, yaron ya ɗauko mota a tsallaka Faransa, su Hajiya su ga ƙasa su huta kafin a dawo gida. Ni kam ina goyon bayan wannan tunani sosai, na zauna a kudancin Ingila lokacin karatu kuma na bi hanyoyin nan da iyali. Sai dai abu biyu ne ke gyara irin wannan tafiya ko su dagula ta, ta ina za a tsallaka ruwan da kuma inda za a sauka, kuma su biyun a ɗaure suke da juna, ba a zaɓar ɗaya a manta da ɗayan.

Kafin komai, biza. Bizar Ingila ba ta shigar da mutum Faransa. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Shengen daban, wato bizar shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun watan Yuni na 2024, sai an haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma iyayen da za su taso daga nan a nan Najeriya za su nema tun kafin su tashi, ba sai sun isa Landan ba. Yaron da yake da takardar zama a can shi ne zai nema a can. Cikin takardun da ake tambaya akwai shaidar yadda za a shiga a fita da shaidar masauki, dan haka duk bukin ɗin da za ku yi, na jirgi da na gida, ku ɗauki irin wanda ake iya sokewa ko a ɗaga ranar ko da ya ɗan fi tsada, dan babu mai tabbacin ranar da fasfo zai dawo.

Hanya mafi sauri ita ce ta ƙarƙashin teku. An buɗe ramin a 1994, tsawonsa kusan kilomita 50, wajen 38 a ciki duk ƙarƙashin ruwa ne. Ba tuƙi ake yi a ciki ba, jirgin ƙasa ne mai suna LeShuttle yake ɗaukar motoci daga Folkestone ya sauke su kusa da Calais, zaka tuƙa motarka ka shiga cikin tarago ka kashe inji ka ja birkin hannu, minti 35 kun fito a Faransa. Babu hawa bene babu saukowa, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana zaune a kujerarta har a isa, jariri yana barcinsa, babu tangaɗi balle amai, kuma iska ko hadari ba su cika hana shi tafiya ba. Kuɗin na mota ne ba na kai ba, har mutum 9. Abin da babu shi ne hutu. Direba bai samu ya miƙe ya sha shayi ba, iyakaci ya tsaya gefen mota ko ya zagaya bayi, ba a ga teku ba, ba a ga komai ba sai bangon tarago, kuma yawanci tikitinsa ya fi na jirgin ruwan Dover tsada. Sannan motar da ke amfani da iskar gas ba a yarda ta shiga ba ko da tana haɗawa da fetur.

Ta biyu jirgin fito daga Dover zuwa Calais, wajen awa ɗaya da rabi, kamfanonin P&O da DFDS da Irish Ferries duk suna yi, DFDS kuma tana zuwa Dunkirk cikin awa biyu. Yawanci nan ne araha take, jirage na tashi dare da rana. Ana ajiye mota a ƙasa kowa ya fito ya hau sama, ba a barin mutum a cikin mota idan jirgi ya tashi, dan haka duk abin da ake buƙata, magani ne, sallaya, buta, kayan yaro, a ɗauka tun a lokacin dan ba za a koma ba sai an iso. Akwai lifta, in kuna da dattijo ku faɗa tun wajen karɓar tikiti a ajiye ku kusa da ita. A sama akwai wurin cin abinci da kujeru da fili a waje inda ake tsayawa a ga fararen duwatsun Dover suna nisa, wallahi wannan kallon kaɗai ya isa dalilin hawa ga wanda bai taɓa ganin teku ba. Matsalar Dover cunkoso ce. Jami'an Faransa a nan Dover suke duba fasfo kafin a hau, haka ma a Folkestone, kuma ƙarshen Yuli shi ne farkon hutun makarantun Ingila, daidai lokacin da mutanenmu suke can. A Yulin 2022 mutane sun yi awoyi a layi kafin su kai bakin tasha. In dole ta nan za a bi, a zaɓi tsakiyar sati da sassafe, a guji Juma'a da Asabar.

Na san abin da ke ran iyayenmu mata da an ce jirgin ruwa. Mun ji na Warra a Kebbi da na Bagwai a Kano a 2021, mun ji na Patigi a 2023, ga wanda ya rasa nasa wannan tsoro ba abin a yi masa dariya ba ne, kuma ban yarda yaro ya tilasta wa uwarsa ba. Amma a yi mata bayani tsakani da Allah, waɗannan jirage ne masu hawa-hawa da ke ɗaukar manyan motocin kaya da yawa a cikinsu, ana ƙidaya kowane fasinja, akwai rigar ruwa da jiragen ceto, kuma in teku ta yi tsanani jinkirta tashi ake yi. Su ma sun ga nasu bala'in, a 1987 wani jirgin fito ya kife da fitowarsa daga Zeebrugge a Beljiyam saboda an tashi ƙofar gaba a buɗe, mutum 193 suka rasu, bayan nan aka tsaurara dokoki ƙwarai. In an yi bayanin nan hankalinta bai kwanta ba, shikenan, a bi ta rami, hutun da aka fara da fargaba ba hutu ba ne. Wata kuma ramin ne zai fi tayar mata da hankali in ta ji a ƙarƙashin teku take, sai a tambaye ta, kar a yanke mata.

Ta uku ita ce wadda mutanenmu ba su cika sani ba kuma ita na fi so, doguwar tsallakawa daga Portsmouth. Brittany Ferries tana zuwa Caen, tashar tana Ouistreham a bakin teku, wajen awa 6 da rana, da dare ya ɗan fi haka, tana kuma zuwa Saint-Malo cikin wajen awa 11 da dare. Akwai ta Newhaven zuwa Dieppe ta DFDS mai awa 4. Tikitin ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin ɗaki a kai, shi ya sa da mutum ya gani a waya sai ya rufe ya koma Dover. Amma ku yi lissafin har ƙarshe. In yankin Normandi kuka nufa, wanda nan ne ƙauyuka masu kyau da gonakin tuffa da shanu suke, daga Calais zuwa Caen wajen kilomita 350 ne, ya fi Zariya zuwa Abuja nisa, ga mai, ga kuɗin hanya dan manyan titunan Faransa biya ake yi, gadar Normandi ma da aka buɗe a 1995 sai an biya, ga shi da wuya a yi wannan duka da tsofaffi a rana ɗaya bayan tuƙin da aka sha a cikin Ingila, ƙarshenta sai an kama otal a hanya. Jirgin dare ya haɗiye duk wannan, shi ne hanyar shi ne otal ɗin. Ɗakin yana da bayi da shawa, ana alwala a natse a yi sallah a ciki ba a idon jama'a ba, direba ya kwanta ya miƙe bayansa.

Aibinsa guda biyu ne kuma ba ƙanana ba. Na Caen barcin gajere ne, ana tashi can cikin dare, agogon Faransa yana gaban na Ingila da awa ɗaya, sai a tashe ku da asuba tun jiki bai gama saki ba, na Saint-Malo ne ake barci cikakke. Sannan tekun wajen ta fi faɗi, in an yi iska ana jin tangaɗi, mai saurin jiri ya sha maganinsa tun kafin a tashi ba bayan ya fara ji ba. Sai maganar kunya. Ɗakunan masu gado biyu ne ko huɗu, wasu gadajen a sama suke ana hawa da tsani. In tafiyar da suruki ko suruka ce kar ma a fara tunanin ɗaki ɗaya, a kama biyu, maza nasu mata nasu, a tabbatar dattijai sun samu gadon ƙasa. Wannan kuɗin a sa shi cikin lissafi tun farko.

Waɗanda yaransu ke arewacin Ingila, su Hull, Leeds, Newcastle, akwai jirgin dare daga Hull zuwa Rotterdam da daga Newcastle zuwa kusa da Amsterdam, amma Holan yake sauke ku, in Normandi ce manufa ya yi nisa, ya fi dacewa da mai son Holan da Beljiyam.

Tuƙin kansa akwai abin da zai yi mana daɗi. Faransa hannun dama suke bi kamar yadda muke bi tun 1972, alamominsu da kilomita suke ba mil ba, dan haka Alhajin da ya ruɗe da titin Ingila da ya sauka Faransa zai ji ya dawo gida. Sai dai motar ta Ingila ce, sitiyarinta a dama, wuce babbar mota a ƙaramin titi yana da wahala dan ba ka hango gabanta, kuma injin biyan kuɗin hanya a ɓangaren fasinja yake faɗowa, wanda ke gaba shi zai riƙe kati. Gudu 130 ne a babban titi, 110 in ana ruwa, 80 a yawancin titunan karkara, 50 a cikin gari, yawanci kyamara ce ke kamawa, babu wanda za a yi wa magana. Dole a samu rigar nan mai ƙyalli da alamar kusurwa uku a mota, da sitikar UK a baya, a kuma gyara fitilun gaba kar su kashe wa masu tahowa ido. In motar yaron ce ya ɗauki takardar mallaka V5C, in ta haya ce sai kamfanin ya yarda a fita da ita ya ba da takardar VE103, kar a ɗauki motar haya a nufi tasha ba a faɗa musu ba. Wanda zai tuƙa da lasisin Najeriya ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa. A nan ma jirgin dare yana da fa'ida, da safe kuke fita titi ido na gani, ba cikin duhu da gajiya ba.

Yanzu masauki, wanda a ganina ya fi jirgin ma muhimmanci dan jirgi dare ɗaya ne, masauki kuwa sati ne.

Akwai otal-otal na bakin hanya irin su Ibis da Campanile da B&B Hotels. Tsaf suke, ana iya isa da dare, ba ruwan kowa da kai, amma ɗakunan ƙanana ne, yawanci suna bayan gari kusa da babban titi ko wajen manyan kantuna, babu kicin, iyali mai mutum shida sai ɗaki biyu ko uku, kuma kullum sai an fita neman abinci. Na kwana ɗaya ne a kan hanya. Wanda ya yi sati a ciki bai ga karkarar Faransa ba.

Sai gidan baƙi na ƙauye wanda za ku gani an rubuta chambre d'hôtes. Mutum ne yake ware ɗakuna a gidansa, sau da yawa tsohon gidan gona na dutse, dokarsu ta ce kar ya wuce ɗaki 5 da baƙo 15, kuma karin kumallo yana cikin kuɗin. Daɗinsa ba kaɗan ba ne, ka tashi ka ji shiru sai kukan shanu, mai gida ya kawo burodi mai zafi da man shanu da zuma, ya faɗa maka wace kasuwa ke ci yau da wace hanya ta fi kyau, mu da muka san darajar baƙo wannan tarba tana shiga rai. Karin kumallon nasu yawanci burodi ne da shayi ko kofi, babu abin damuwa sosai. Inda ake tsayawa a yi tunani shi ne abincin dare. Wasu gidajen suna yi in ka nema tun da wuri, amma abinci ɗaya ake dafawa kowa ya ci a tebur ɗaya da mai gida da sauran baƙi, maza da mata, kuma Normandi ƙasar naman alade ce da giyar tuffa, suna yayyanka naman aladen ƙanana-ƙanana su zuba a miya ko a ganye, suna dafa kaza da giyar, a wajensu girmamawa ce a zuba wa baƙo kofin giya. Ba mugunta ba ce, al'adarsu ce, in ka rubuta musu tun kafin zuwa cewa kifi ko ƙwai da ganye kawai, babu alade babu giya ko a cikin girki, da yawansu za su yi maka da zuciya ɗaya. Amma ku dubi Hajiya ku dubi Baba, za su sake a wannan tebur dare bayan dare? Ga kare, gidajen karkara da yawa suna da shi har cikin falo, a tambaya. Ga lokacin isa, babu ma'aikacin da ke zaune a kan kanta irin na otal, yawanci da yamma suke jiran baƙo, in za a makara sai an kira. Ga motsin asuba, gidan katako ne a sama, famfo da taku duk ana ji, mutum sai ya riƙa takura kansa wajen alwala. A bazara kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, isha'i ta yi can, asuba ta yi wuri, kaga motsin namu ya faɗa daidai lokacin barcinsu.

Shi ya sa ga iyali na fi ba da shawarar na uku, gidan haya sukutum da suke kira gîte. Naku ne ku kaɗai, kicin da tukwane da firij da injin wanki, fili a waje yara su yi gudu, mata su cire mayafi su sake, a yi jam'i a falo, a tuƙa tuwo in an ga dama. Ƙungiyar Gîtes de France da ta kafu tun 1955 tana duba gidajen da ke ƙarƙashinta ta ba su maki da alamar zangarniyar alkama daga 1 zuwa 5, mai uku ya ishi kowa. In aka raba kuɗin sati a kan mutum shida yawanci ya fi ɗakuna uku a otal sauƙi, balle an huta da sayen abinci a waje. Wahalarsa, ku ne masu girki ku ne masu shara, kuma kar a bar wa mace ɗaya aikin alhali ita ma hutu ta zo. Ana ajiye kuɗin jingina, wasu suna cajin zanin gado da tawul da sharar ƙarshe daban, akwai ɗan harajin kwana da ake biya kan kowane babba, yaran da ba su kai 18 ba ba sa biya. A karanta duk wannan kafin a biya, a kuma tambaya ko akwai ɗaki da bayi a ƙasa, dan matakalar tsofaffin gidajen nan a tsaye take. A tafi da buta, ba za ku samu ba. A tafi da rigar sanyi ko a Yuli ne, yammacin can ga mutumin Zariya sanyi ne.

Kayan miya fa? Semo, shinkafa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, ba su cikin abin da aka hana. Nama da madara ne ba a shiga da su Tarayyar Turai daga Ingila tun Janairun 2021, wato kilishi, dambun nama, man shanu, har madarar gari in ba ta jarirai ba, duk a bar su, dama Ingilar ma ba a yarda a shigo da su daga Najeriya ba. Naman halal ana samu a Caen da Rouen da Le Havre, wasu manyan kantuna irin Carrefour da Leclerc suna ware masa wuri, kifi kuwa a bakin teku kuke. A cikin ƙauye kar ku sa rai, kantunan suna rufewa da rana tsaka na wajen awa biyu, ranar Lahadi da yamma kusan komai a kulle. Ga masu niƙabi kuma, dokar Faransa da ta fara aiki a 2011 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, hijabi da mayafi babu matsala a titi, amma wadda ba za ta iya buɗe fuska ba gara a san wannan tun a Zariya kafin a biya kuɗin biza.

Toh ga yadda zan haɗa su. Mata da miji ko abokai biyu masu kwana biyu ko uku kacal, su bi ta rami ko ta Dover, kar su yi nisa, su kama ɗaki a gidan baƙi a ƙauyukan da ke wajen Boulogne ko Montreuil-sur-Mer, duk ba su wuce tafiyar awa ɗaya daga Calais ba, su ci karin kumallo a gida su nemi kifi a gari da dare. Su biyu ne, teburin mai gida ba zai dame su ba, ƙila ma shi za su fi tunawa. Iyali da dattijai da yara masu sati guda kuwa, Portsmouth zuwa Caen da ɗaki biyu, sannan gidan haya a tsakanin Caen da Bayeux. Daga nan bakin tekun da sojojin ƙawance na yaƙin duniya na biyu suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 yana kusa, garin Honfleur na bakin ruwa wajen awa ɗaya, tsibirin Mont-Saint-Michel wajen awa ɗaya da rabi, kullum a fita a dawo gida a ci tuwo, ba a kwashe kaya ana sauya masauki.

Ku lura da ranakun dai. A Yuli da Agusta yawancin gidajen hayar daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su, kuma ba a karɓar makulli sai la'asar. Dan haka jirgin daren Juma'a shi ne daidai, ku sauka Ouistreham da safiyar Asabar, ku karya a Caen, ku yi cefanen sati gaba ɗaya har da nama tunda gobe Lahadi, sannan ku wuce ƙauye. Juma'ar ƙarshe maza su je masallaci a Hérouville-Saint-Clair da ke manne da Caen. Asabar da safe a miƙa makulli a hau jirgin yamma, wannan karon da rana dan yara su ga teku, kuma a bar aƙalla kwana biyu tsakanin dawowa Ingila da ranar jirgin Abuja ko Kano, saboda in iska ta sa an ɗaga jirgin ruwa kar ta ja muku asarar tikitin gida.